KoboToolbox wajen gano buƙatun makaranta: na ba ta huɗu cikin biyar, ga dalilina

Tunda tambayar ta yi yawa a WhatsApp, kowa sai ya ce malam wace manhaja ce kuka yi aikin nan na auna buƙatun makarantarku da ita, ana biya ne, tana yi ba data, bari kawai in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Sunanta KoboToolbox, wadda ake saukewa a waya kuma KoboCollect, duk gida ɗaya ne, a kwamfuta kake tsara tambayoyi ka duba sakamako, a waya kuma ake cikewa. In don maki ne na ba ta huɗu cikin biyar. Amma tun yanzu in faɗa wa masu zumuɗi, ba ita za ta gaya maka me ke damun makarantarka ba, abin da ka tambaya shi take tattaro maka, in ka tambayi shirme to shirmen za ta kawo maka cikin jadawali mai kyau har da kala.

Ni malami ne a wata firamare ta gwamnati a nan jihar Kano, kuma ni ke wakiltar malamai a kwamitin SBMC namu, wato kwamitin kula da makaranta na malamai da mutanen gari. Wanda ya daɗe a harkar ya san maganar tsarin ci gaban makaranta ba yau ta fara ba, tun zamanin ESSPIN ne, shirin nan na gwamnatin Birtaniya da ya gudana daga 2008 zuwa 2017 a Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Legas da Inugu, su suka riƙa koya wa hedimastoci cewa kafin a rubuta tsari sai makaranta ta fara auna kanta ta ga ina take da rauni, sannan a zauna da mutanen gari a fitar da abin da za a fara. A takarda abin ya yi kyau sosai. Amma maganar Allah a makarantu da yawa abin da ya saura shi ne a ɗauko tsarin bara a canza shekara a sa hannu. In ma an yi zaman to kowa da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ciyaman katanga yake so don awaki na shigowa masu babur na ratsawa ta fili, mu malamai benci da alli, wakiliyar mata ta ɗago maganar banɗaki a ce to Hajiya za a zo kansa, wakilan ɗalibai kuwa ko tari ba sa yi. Ƙarshe wanda muryarsa ta fi ƙarfi shi ake rubuta wa nasa a lamba ɗaya.

Wani zai ce ai akwai fom ɗin ƙidayar makarantu da ake cikewa duk shekara. E akwai, kuma yana da amfaninsa, amma wancan don jiha aka yi shi, yara nawa aka rubuta, malamai nawa, ajujuwa nawa, wane ne rufinsa ya lalace. Ba ya tambayar ko yaron aji huɗu zai iya karanta layi uku na Hausa, ba ya tambayar yara nawa ke dawowa bayan tara. Wannan giɓin ne ya sa muka nemi namu ma'aunin.

Ita Kobo asalinta ba don makaranta aka yi ta ba. Wasu masu bincike biyu ne, Phuong Pham da Patrick Vinck, suka faro ta a 2005, ta daɗe a ƙarƙashin cibiyar ayyukan jin ƙai ta jami'ar Harvard, kuma don wuraren yaƙi da bala'i aka ƙera ta inda ba wuta ba sabis, shi ya sa duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai da ƙungiyoyi a Maiduguri ko Damaturu zai ce maka ya san ta. KoboCollect ta wayar kuma a kan wata manhajar tattara bayanai mai suna ODK aka gina ta, in ka taɓa riƙe ODK a aikin rigakafin shan inna to ka gama iyawa, kusan fuska ɗaya ce. Wannan ya taimake mu ƙwarai don a garinmu ba a rasa matasan da suka taɓa irin wannan aikin, ba sai an koya musu daga farko ba.

Babban abin da ya sa na fifita ta a kan Google Forms shi ne rashin buƙatar intanet lokacin cikewa. Sau ɗaya za ka sauke fom ɗin a waya inda akwai sabis, shi kenan, ka shiga aji ka cike ko ɗari ne suna nan ajiye a wayar, sai ka fito inda sabis ya kama ka tura gaba ɗaya. A makarantarmu sai ka je wajen bakin titi kake samun sanda biyu, da Google Forms ne da aikin bai yiwu ba sam. Kuma ba ta zaɓen waya, ƙananan Itel da Tecno ɗin nan na malamai duk sun ɗauka, matuƙar dai Android ce. Masu iPhone ba KoboCollect a wajensu, sai dai su buɗe fom ɗin ta burauza, to mu wannan bai dame mu ba, malamin firamare ina shi ina iPhone.

Tsara fom ɗin kuwa laftof yake so, kada ma ka wahalar da kanka da waya. Za ka iya jera tambayoyin a shafinsu ɗaya bayan ɗaya, ko in ka iya Excel ka rubuta su a can ka ɗora. Tambayoyi da Hausa muka rubuta su tsaf, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fitowa daidai, kuma fom ɗaya zai iya ɗaukar Hausa da Turanci mai cikewa ya zaɓi wanda yake so. Abubuwa biyu ne suka fi burge ni a nan. Na farko tsallake tambaya, in ka ce babu banɗaki ba za ta tsaya tana tambayarka ko yana da ƙofa ba, gaba za ta wuce. Na biyu kana iya kafa iyaka, misali ka ce yawan yaran aji ba zai wuce kaza ba, in hannu ya zame mutum ya ƙara sifili sai ta ƙi karɓa nan take. Wanda ya taɓa zama da tulin takardun da aka cike da biro, wannan ya bar gurbi wancan ba a gane bakwai ya rubuta ko ɗaya ba, shi zai san darajar wannan.

To amma inda aikin yake na gaske shi ne me za ka tambaya, kuma a nan manhaja ba ta da abin da za ta yi maka. Ƙa'idar da muka bi ita ce kada a tambayi abin da ke rubuce, a tambayi abin da ido ya gani yau. Ba mu ce benci nawa ne a makaranta ba, cewa muka yi shiga aji ka ƙirga yara nawa ke zaune a ƙasa yanzu. Ba mu ce littattafai nawa aka kawo ba, cewa muka yi yara nawa ne littafi ke hannunsu a wannan darasin. Banɗaki ma ba akwai ko babu ba, yana da ƙofa, akwai ruwa ko buta, na mata daban yake, a ɗauki hoto. Halarta kuma ba daga rajista ba, kai za a ƙirga, da safe sau ɗaya bayan tara sau ɗaya, a ranaku daban-daban har da ranar kasuwa da Juma'a, kuma ba a sanar da ranar zuwa. Bambancin waɗannan tambayoyin da na farko shi ne duk aikin wallahi, don makaranta na iya samun littattafai cike da sito a cikin kwali kuma babu yaro ɗaya da ya taɓa su, a takarda ba ta da matsalar littafi.

Sai gwajin karatu, wanda ni a wajena ya fi komai. Ba mu ƙirƙiro shi ba, irin na ƙungiyar Pratham ta Indiya muka kwaikwaya, wanda ake amfani da shi a tsarin TaRL na koyar da yaro daidai matakinsa, a nan Kano ma an yi shi a shirin KaLMA da aka fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa da yaran aji huɗu zuwa shida. Sauƙi gare shi. Takarda ɗaya ce a hannun yaro, kai da shi kaɗai ba a gaban aji ba, ka fara ba shi ɗan sakin layi na Hausa, in ya karanta sumul ka hau da shi zuwa gajeren labari, in ya kasa ka sauko zuwa kalmomi, in sun gagara ka sauko haruffa. Matakai biyar ke nan, wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. Lissafi ma haka, gane lamba, ɗebewa, rabawa. Wayar ba abin da take yi illa ka danna aji, mace ko namiji, da matakin da yaron ya tsaya. Ƴan mintuna kaɗan an gama da yaro ɗaya.

Wani abu da ban yi tsammanin zai yi amfani haka ba shi ne lokaci da wuri. Kana iya sa fom ya riƙe lokacin da aka buɗe shi da lokacin da aka rufe, ka kuma sa tambayar GPS. Wato in wani ya zauna a gindin bishiya a gidansu ya cike wa yara ashirin sakamako cikin ƙiftawar ido, kana buɗe jadawalin za ka gani, don gwajin da ya kamata ya ci mintuna ya ci daƙiƙa. Tun ranar horo muka nuna wa masu cikewa wannan a fili, ba don tsoratarwa ba, don dai kowa ya san ana gani, kuma aikin ya fito da tsabta.

Sakamakon namu ba zan zuba lambobi a nan ba don na makaranta ne da iyayen yara, amma zan faɗi yanayinsa. Yaran manyan ajujuwa da ba su kai matakin sakin layi ba sun fi yadda kowa a kwamitin ya zata nesa ba kusa ba, har da mu malaman da muke tare da su kullum, don a aji mai cunkoso ƴan gaba ne ke amsawa sai ka ɗauka kowa ya gane. Tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ya ce a firamare, mu kuwa aji ya haura ɗari ba labari ba ne a Kano. Halarta na faɗuwa sosai ranar kasuwa, wannan kowa ya sani, abin da ba mu lura ba shi ne ƴan mata na manyan aji da yawa in sun fita tara ba sa dawowa, kuma da aka haɗa da hoton banɗakin da ba ƙofa sai maganar Hajiya ta fito da kanta ba sai ta sake ɗaga hannu ba. Benci kuma ashe rabonsu ne ba daidai ba, wani ajin har da ragowa a jingine a baya wani kuwa kusan duk a ƙasa.

Shafin rahoto na Kobo shi ke zana maka jadawalin kowace tambaya da kansa, kuma kana iya raba shi maza da mata ko aji-aji. Muka buga uku kawai a takarda babba muka kai zaman kwamiti, na karatu, na halarta, da hotuna. Ban ce kowa ya ji daɗi ba. Wasu abokan aikina sun ɗauka tonon silili ne, kuma ina ganin tsoronsu na da tushe, don lamba in ta faɗa hannun wanda ke neman laifi bulala ce. Shi ya sa tun farko muka yi yarjejeniya ba sunan malami a fom, aji kawai, kuma ba za a kai wa kowa a sama don a hukunta wani ba. Ina ba duk mai son yin irin wannan shawara ya yi wannan alƙawarin ya kuma cika shi, in ba haka ba zagaye na biyu ba wanda zai bari ka ga gaskiya, ranar da za ka zo kowa zai shirya maka aji.

Tsarin da ya fito daga zaman ya bambanta da na kowace shekara ta fuska ɗaya, abubuwan da ba sa cin ko sisi su suka hau sama. A sake raba benci, a fito da littattafai daga sito a sa hannun yara ko da za su yage, a ware lokaci kullum da safe a raba yaran aji huɗu zuwa shida bisa matakin karatunsu ba bisa ajinsu ba, liman da mai unguwa su yi wa iyaye magana kan ranar kasuwa. Ƙofar banɗaki da randar ruwa kuwa kuɗin da aka tara a gari ya isa, kafinta ma ɗan kwamiti ne. Katangar ciyaman ba a jefar da ita ba, tana nan tare da rufin ajin da ke yoyo a jerin abin da ya fi ƙarfinmu, aka haɗa takarda da hotuna da wurin GPS aka kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ko za a yi ko ba za a yi ba wannan kuma wata magana ce, awo dai ba ya ƙara wa buhu hatsi, sanar da kai kawai yake nawa ke ciki. Amma takarda mai hoto da lamba ta fi wadda aka rubuta muna roƙon a taimaka mana kwarjini.

Yanzu maki ɗayan da na riƙe. Kobo ta ƙware a tattarawa, amma nazari mai zurfi ba nata ba ne. Jadawalin da take bayarwa ya isa zaman kwamiti, amma in kana son ka bi yaro ɗaya ka ga daga ina ya tashi a zangon farko ina ya kai a na uku, ko ka haɗa halarta da karatu ka ga ko masu fashin ne ke baya, dole ka sauke bayanan zuwa Excel ka yi da hannunka. Wato makaranta na buƙatar mutum ɗaya aƙalla mai laftof wanda ya iya Excel, a farkon aiki da ƙarshensa, kuma firamare nawa ne a karkara ke da wannan mutumin? In an yi masa canjin wurin aiki kuma fa? Shafin sarrafawar ma da Turanci muka yi aiki da shi, hedimasta dattijo ba zai zauna ya lalubo shi shi kaɗai ba.

Akwai kuma ƴan abubuwan da ya kamata ka sani tun kafin ka fara. In za ka sauke bayanai zaɓi nau'in fayil na XLS, don na CSV in ka buɗe shi kai tsaye a Excel haruffanmu masu lanƙwasa kan rikiɗe su koma wasu alamomi. In ka riga ka saki fom an fara cikewa, kada ka canza sunan tambaya na ciki, don sabon layi zai buɗe mata amsoshin su rabu biyu, kuma duk gyaran da ka yi sai kowace waya ta sauke sabon fom ɗin. Abin da aka cike ba a tura ba a wayar kaɗai yake, in ta ɓata ko ta faɗa ruwa ya tafi, don haka a riƙa turawa kullum kafin a kwanta. Hotuna su ke cin data da wuri, ana iya rage girmansu tun a tsarin fom. Caji kuma matsalar ka ce, a tanadi fawa bank.

Maganar kuɗi, tsarin kyauta yana karɓar har cikakkun fom 5,000 a wata da ma'ajiyar 1GB, wanda makaranta ɗaya ko ma gungun makarantun mazaɓa guda ba za su cinye ba in dai ba a cika hotuna ba. Abin da za ka kashe shi ne data, buga takardun gwaji, da ɗan abin shan ruwa na matasan da suka taya aiki.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa kada ya yi wasa da shi, sirrin yara. Bayanan nan a saba, wato babbar kwamfutar ajiya, ta ƙasar waje suke zama, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Mu ba mu sa sunan yaro ko ɗaya ba, lamba muka ba kowa, takardar da ke haɗa lamba da suna tana kulle a ofishin hedimasta. Hoto kuma na gini ne da kaya, ba fuskar ƴaƴan mutane ba. Kuma kada a raba kalmar sirri ɗaya ga kowa da kowa, a buɗe wa masu cikewa nasu asusun a ba su izinin turawa kawai, ba na gani ko gogewa ba, manhajar ta ba da wannan damar.

Wa zan ce ya gwada? Kwamitocin sakandaren da ke cikin shirin AGILE na ilimin ƴan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 kuma Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno na cikin jihohin farko, su da ma sai sun rubuta tsarin gyara kafin tallafi ya shigo asusun SBMC, to gara tsarin ya fito daga abin da aka auna. Masu makarantun kuɗi da islamiyyu ma za ta yi musu, musamman gwajin karatun. Jami'in da ke zagaya makarantu goma ko fiye kuwa shi ya fi kowa cin riba, don taswirar da take nunawa za ta jera masa su gaba ɗaya a sikirin.

In kuma makarantarku ƙarama ce, ba laftof ba mai Excel, kada ku tsaya jiran manhaja. Ku ja layi biyar a takarda, ku zaunar da yaran aji huɗu ɗaya bayan ɗaya ku ba su sakin layin su karanta, ku yi ƴar sanda a layin da kowa ya tsaya. Mu ma ƙarshen zangon nan za mu maimaita gwajin da yaran nan dai, amma da sabon sakin layi da sabon labari, don wancan na farko wasunsu sun riga sun haddace shi.